Makiyayin da Ya Sumbaci Filin Lord's: Makhaya Ntini da Nauyin Zama na Farko

A farkon watan Agustan 2003, a filin Lord's da ke Landan, wanda masu wasan kurket suke ɗauka a matsayin gidan wasan, wani matashi ɗan Afirka ta Kudu ya durƙusa ya sumbaci ƙasa. Ya fitar da 'yan wasan Ingila goma a karawa ɗaya, biyar a zagayen farko, biyar a na biyu, abin da babu wani ɗan ƙasarsa da ya taɓa yi a wannan fili. Sunansa Makhaya Ntini. Kimanin shekara goma sha ɗaya kafin wannan rana yana bin shanu ne ba takalmi a ƙauyen Mdingi, a lardin Gabashin Cape.

Haka aka saba ba da labarinsa, kuma a nan aka saba tsayawa: yaro ya taso daga ruga, ya yi haƙuri, ya yi suna, ƙasa ta yi alfahari. Labarin gaskiya ne, amma rabinsa ne. Ra'ayina shi ne ragowar rabin ya fi amfani ga duk wanda ya taɓa zama shi kaɗai daga cikin mutanensa a wani ofis, ko wani kwamiti, ko wata makaranta. Rayuwar Ntini ta nuna cewa hukuma tana iya buɗe wa mutum ɗaya ƙofa, ta liƙa hotonsa a kowane allon talla, ta kuma bar gidan yadda yake. Wanda ya shiga shi ke biyan kuɗin wannan yaudara, sau da yawa cikin murmushi.

Aikin da jiki ke biya

Kurket ba wasan da ya yi jijiya a ƙasar Hausa ba ne, don haka yana da kyau a fara da bayanin abin da Ntini yake yi a fili. Kowace ƙungiya tana da mutum goma sha ɗaya. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa mai tsawon mita 20 da 'yan kai, an kafa turaku uku a kowane ƙarshensa. Mabugi yana tsaye gaban turakun da faffadar sanda yana kare su, yana kuma neman maki. Majefi yana sheƙowa a guje daga nesa, ya wurga ƙwallo da miƙaƙƙen hannu, ta daki ƙasa ta taso wa mabugin. Idan ta buge turakun, ko mabugin ya doke ta aka cafe kafin ta taɓa ƙasa, ko ya tare ta da ƙafa a gaban turakun, to an fitar da shi. A wasan kwana biyar, wanda ake kira Tes kuma shi ne ƙololuwar wasan, kowace ƙungiya tana yin bugu zagaye biyu, kuma a al'ada sai an fitar da mutum ashirin kafin a yi nasara. Ke nan a Lord's Ntini shi kaɗai ya yi rabin aikin.

Majefa iri biyu ne. Akwai masu murza ƙwallo da yatsu ko wuyan hannu, su sake ta a hankali ta karkace bayan ta daki ƙasa. Akwai kuma masu sauri, waɗanda jifarsu kan kai kilomita 140 a awa ɗaya ko fiye. Ƙwallon kanta tauri gare ta kamar dutse, an lulluɓe ta da fata, nauyinta kusan giram 160, kuma mabugi ba shi da abin da ya wuce kimanin rabin daƙiƙa ya yanke shawara. Amma haɗarin bai tsaya kan mabugi ba. Duk jifa ɗaya, majefi mai sauri yana dira a kan ƙafarsa ta gaba da nauyin da ya ninka na jikinsa sau da dama, yana kuma murɗa ƙugu. Shi ya sa tsagewar ƙashin baya ta zama ciwon sana'ar, kuma da yawa daga cikin masu baiwar ba sa daɗewa. Majefi mai sauri shi ne leburan kurket: shi ke gudu cikin rana, shi ke komawa ya sake gudu, zubi bayan zubi, kowane zubi jifa shida.

Ntini ya yi irin wannan jifa fiye da sau 20,000 a wasannin Tes kaɗai, cikin kusan shekara goma sha biyu, kuma da wuya a ji ya kwanta jinya. Riƙe wannan a zuciya, domin ƙarfin jikin nan yana da alaƙa da wani abu da zai bayyana daga baya.

Ƙofar da aka daɗe da rufewa

Akwai wata tatsuniya da ke cewa baƙaƙen Afirka ta Kudu ba su san kurket ba sai da mulkin wariyar launin fata ya faɗi. Tarihi ya ƙaryata ta. Tun ƙarni na 19 ake buga wasan a makarantun mishan na Gabashin Cape irin su Lovedale, kuma al'ummar Xhosa, wadda Ntini ya fito daga cikinta, tana da ƙungiyoyinta da gasanninta tun zamanin. Masanin tarihi André Odendaal ya tattara wannan a littafinsa na 2003. A 1894 ma an yi wani majefi mai sauri, Krom Hendricks, wanda ba farar fata ba ne, aka so a tafi da shi rangadin farko na ƙasar zuwa Ingila, sai aka cire shi saboda launinsa, a lokacin da Cecil Rhodes yake firimiyan yankin Cape. Baiwar tana nan tun tuni, hanya ce aka toshe.

A 1968 gwamnatin wariya ta ƙi karɓar tawagar Ingila saboda akwai Basil D'Oliveira a cikinta, haifaffen Cape Town wanda launinsa ya hana shi buga wa ƙasar haihuwarsa. Daga 1970 aka daina wasa da Afirka ta Kudu a hukumance, ba ta dawo ba sai 1991. A wannan yaƙi na mayar da gwamnatin wariya saniyar ware a fagen wasanni, Najeriya ta sa hannu da gaske: tana cikin ƙasashen Afirka da suka ƙaurace wa gasar Olamfik ta Montreal a 1976, ta kuma janye daga gasar ƙasashe rainon Ingila ta Edmonton a 1978, duka don nuna adawa da hulɗar wasanni da Niyu Zilan take yi da Afirka ta Kudu. 'Yan wasanmu sun rasa damar lambobin da suka yi shekaru suna shiri a kansu domin wata rana yaro irin Ntini ya sa rigar ƙasarsa. Saboda haka muna da haƙƙin tambayar abin da aka yi da wannan sadaukarwa.

An haifi Ntini a 1977. Ya sha ba da labarin yadda shi da abokan kiwonsa suke cusa ƙafafu cikin ɗanyen kashin shanu da sanyin safiya don su ji ɗumi. Yana ɗan shekara 15 wani jami'in raya wasa na hukumar kurket ta yankin Border, Raymond Booi, ya gan shi yana jifa, ya gane abin da ya gani. Aka samo masa takalmi, aka kuma samo masa gurbi a Dale College, tsohuwar makaranta mai filaye da masu horarwa a garin King William's Town, wanda yanzu ake kira Qonce. Salon jifarsa ma yana ɗauke da tambarin inda ya fito. Yakan yi tsalle gefe, nesa da turaku, ya turo ƙwallo ta shigo wa mabugi a karkace, kuma ana danganta wannan da filayen siminti da ya koyi wasa a kansu, inda dira a tsakiya da takalmi mai ƙusa ke sa santsi. Abin da littafin koyarwa zai kira kuskure shi ya zama makaminsa.

A watan Maris na 1998, a filin Newlands da ke Cape Town, ya buga Tes ɗinsa na farko da Siri Lanka. Kafin shi an sa wasu da tsarin wariya ya kira ruwa-biyu, irin su Omar Henry da Paul Adams. Amma daga cikin baƙaƙen Afirka, waɗanda su ne kusan kashi 80 cikin 100 na al'ummar ƙasar, shi ne na farko, shekara 104 bayan Hendricks.

Shekara ɗaya bayan haka komai ya kusa rushewa. A 1999 wata kotu ta same shi da laifin fyaɗe, aka cire shi daga tawagar gasar cin kofin duniya ta wannan shekara. Kafin shekarar ta ƙare kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin ta wanke shi. Ba daidai ba ne a ba da tarihinsa a tsallake wannan babi, kamar yadda ba daidai ba ne a ambaci hukuncin farko a manta da na biyu.

Abin da lissafi ya ce

Ya buga Tes 101, ya fitar da mutum 390. Zuwa ƙarshen 2025, Dale Steyn mai 439 da Shaun Pollock mai 421 ne kawai 'yan ƙasarsa da suka fi shi. A wasannin yini ɗaya ya buga 173, ya fitar da 266. A 2005, a Port of Spain da ke Trinidad, ya fitar da 13 a kan maki 132 a karawa da tawagar tsibiran Karebiyan, wanda har yanzu shi ne sakamako mafi kyau da wani ɗan Afirka ta Kudu ya samu a Tes ɗaya. A watan Maris na 2006 ya fitar da 'yan Ostareliya shida a kan maki 22 a Cape Town. Bayan 'yan kwanaki, a shahararren wasan nan na Johannesburg da Ostareliya ta ci maki 434 Afirka ta Kudu ta rama da 438, shi ne mabugi na ƙarshe da ya shigo, ya samo maki ɗayan da ya daidaita lissafi kafin Mark Boucher ya ƙarasa.

An yi masa laƙabi da jirgin Mdingi. Yakan yi waƙa da ihun ƙarfafa gwiwa a fili, kullum fuska a sake. Kamfanoni sun yi talla da shi, hukumar kurket ta nuna shi a matsayin shaidar cewa sabuwar ƙasa ta samu. Da ya cika Tes 100 a Centurion a Disambar 2009, har Nelson Mandela ya aiko masa da saƙon taya murna. Ya buga ɗaya bayan wannan a Durban, aka ajiye shi, bai sake buga Tes ba. A yi adalci: a waɗannan wasanni biyu mutum biyu kacal ya fitar, saurinsa ya ragu, kuma masu zaɓe suna da hujjar wasa. Ya yi ritaya a ƙarshen 2010.

Gudun da ba a fahimta ba

Shekaru da yawa an san Ntini da wata ɗabi'a: idan an tashi wasa, sauran 'yan wasa su hau bas zuwa otal, shi kuma ya koma a guje. 'Yan jarida sun rubuta wannan a matsayin misalin himma, masu horarwa suna nuna wa yara shi.

A watan Yulin 2020, bayan kisan George Floyd a Amurka, matashin majefi Lungi Ngidi ya ce ya kamata tawagar ƙasar ta nuna goyon baya ga fafutukar kare rayukan baƙaƙe, wasu tsofaffin 'yan wasa farare suka yi masa ca. A cikin wannan ƙura ne Ntini ya zauna a gidan talabijin na ƙasar ya bayyana ma'anar gudun. Ya ce kaɗaici yake guje wa. A cewarsa, babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa a tafi cin abincin dare, a gabansa ake shirya fita a tsallake shi, idan ya zauna a teburin karin kumallo ba mai zuwa ya zauna kusa da shi. Idan ya zauna a bayan bas, sai a taru a gaba. Don haka sai ya miƙa wa direba jakarsa, ya ce a haɗu a fili. Ya ƙara da cewa idan an yi nasara murna ta kowa ce, idan an sha kashi shi ake fara ɗora wa laifi.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A nan fuskar ce ta ɓoye labarin fiye da shekara goma, saboda aikin da aka ɗora mata ke nan. Mutumin da aka mayar alamar haɗin kan ƙasa ba shi da damar ɗaure fuska. Idan ya yi ƙorafi, za a ce ya yi butulci, kuma za a yi amfani da ƙorafin a kan wanda zai biyo bayansa. Wasu abokan wasansa sun ce ba su san yana cikin wannan hali ba, kuma mai yiwuwa gaskiya suka faɗa. Amma rashin sanin nan shi ne matsalar kanta. Mutum goma suna iya ware na goma sha ɗaya ba tare da ɗayansu ya ƙudurci mugunta ba. Ya isa kawai kowa ya bi wanda suka yi makaranta ɗaya, suke jin harshe ɗaya, suke dariya da barkwanci ɗaya.

A 2021 hukumar kurket ta ƙasar ta kafa zaman sauraron koke a ƙarƙashin lauya Dumisa Ntsebeza, tsofaffin 'yan wasa da dama suka ba da shaida kan wariyar da suka ce sun fuskanta. Tuhume-tuhumen da suka biyo baya a kan Graeme Smith da Mark Boucher ba su tsaya ba: masu sasanci sun wanke na farko a 2022, aka kuma janye ƙarar na biyu. Wannan ya nuna iyakar shari'a a irin wannan lamari. Babu dokar da za ta hukunta kujerar da aka bari babu kowa a teburin karin kumallo.

Gardamar kaso

Masu sukar tsarin kason launi a wasannin Afirka ta Kudu suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa tawagar ƙasa wurin gwanaye ne, kuma da zarar an sa launi cikin ma'auni, an liƙa wa kowane baƙin ɗan wasa tambarin shakka, har da wanda ya cancanta. Wannan gaskiya ne, Ntini kansa ya ɗanɗana. Tun 2016 ƙa'idar hukumar ita ce, a matsakaicin lissafin kakar wasa, a samu 'yan wasa shida da ba farare ba a cikin goma sha ɗaya, biyu daga ciki baƙaƙen Afirka, kuma duk wanda aka zaɓa a ƙarƙashin wannan inuwa yana jin raɗar.

Inda na rabu da su shi ne wajen zaton cewa kafin kaso cancanta ce take mulki. Shekara ɗari ana aiki da kaso mafi tsauri a duniya, wato goma sha ɗaya farare, sifiri saura, ba wanda ya kira waɗancan 'yan wasa 'yan alfarma. Kuma shakkar da ake ɗora wa baƙin ɗan wasa ba kason ne ya haife ta ba. Ta riga shi, ta sami sabon suna ne kawai.

Amma masu goyon bayan kaso ma suna da tambayar da za su amsa. A tsawon zamanin Ntini har zuwa 2011, baƙaƙen Afirka huɗu ne kawai suka biyo shi cikin tawagar Tes: Mfuneko Ngam, Monde Zondeki, Thami Tsolekile da Lonwabo Tsotsobe, kuma babu wanda ya kai wasa goma a cikinsu. Ngam, wanda saurinsa ya sa aka ɗora masa babban buri, tsagewar ƙashi ce ta cinye shi bayan Tes uku. Waɗanda suka yi fice daga baya kuma, dubi hanyar da suka bi. Kagiso Rabada, ɗan likita, ya yi St Stithians a Johannesburg. Ngidi, wanda iyayensa masu aikin gida ne, tallafin karatu ne ya kai shi Hilton College. Temba Bavuma, baƙar fata na farko da ya ci wa ƙasar maki ɗari a Tes, a Janairun 2016, ya fito daga unguwar Langa amma ya bi ta manyan makarantu. Hanyar Ntini ce dai har yanzu: a tsamo yaro ɗaya, a kai shi inda filin yake. Ba a kai filin inda yaran suke ba. Shi ya sa a gasar kofin duniya ta gajeren wasa a 2024 tawagar ƙasar ta tafi da baƙin Afirka ɗaya tak, Rabada.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce ga ma'aikacin da ya fito daga arewacin Najeriya. Tun kundin tsarin mulkin 1979 muke da ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu sun san yadda ake kallon mutum a ɗauka kason jiharsa ne ya kawo shi, ko da shi ya zo na ɗaya a ajinsu. Yanayin biyu ba ɗaya ba ne, domin ba mu yi mulkin wariya ba. Amma tarkon iri ɗaya ne: a cika gurbi a sama, a bar makarantar firamaren ƙauye ba rufi, sannan a bar wanda ya cika gurbin ya yi ta kare kansa shi kaɗai. Kaso magani ne na wucin gadi. Idan aka mayar da shi madadin gina makaranta, ya zama hanyar da manya ke wanke hannu.

Ma'aunin da ya dace

A watan Yunin 2025 Afirka ta Kudu ta koma Lord's, ta doke Ostareliya a wasan ƙarshe na gasar Tes ta duniya. Kyaftin ɗin da ya ɗaga kambun Bavuma ne, Rabada ya fitar da mutum tara, Ngidi ma ya yi ɓarna a zagaye na biyu. Wanda ya ce babu abin da ya sauya tun 1998 bai yi adalci ba. Mutum uku a ɗakin sauya kaya ba ɗaya suke da mutum ɗaya ba: akwai wanda za ka yi harshenka da shi, akwai wanda zai ga abin da ka gani ya shaida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Ntini ya yi shekara goma sha biyu yana ɗauka.

Duk hukumar da ke alfahari da na farkonta, ko kamfani ne, ko jami'a, ko tawagar wasa, ya kamata a yi mata tambayoyi uku. Shekara nawa aka yi kafin na biyu da na biyar su zo? Daga wace makaranta suka fito, kuma yaran da ba su sami shiga wannan makaranta ba fa? Sannan wa ke zama kusa da shi idan an kashe kyamara? Amsar ta ƙarshe ba ta buƙatar kasafin kuɗi ko dokar majalisa. Tana hannun abokan aiki, kuma a kowane ofis da ke da baƙo ɗaya tilo, ko mace ce a cikin maza, ko ɗan wata ƙabila, ko mai wani addini, mu ne abokan aikin.